Neman Tallafin Karatun 'Ya'yanmu: Tun Ran Gini, Tun Ran Zane

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan reshenmu, malamin firamare, ya gabatar a taron membobi da iyalansu.

 

An ɗora mini nauyin yin magana a kan yadda ake neman tallafin kuɗi domin karatun gaba da sakandare. Ina kyautata zaton an zaɓe ni ne saboda na sha wuyar abin, don haka da labarin wuyar zan fara.

Shekarar da 'yata ta fari ta sami gurbin karatu a jami'a, murnarmu ba ta kwana biyu ba. Da muka ga kuɗin rajista, sai muka tarar ya kusa albashina na wata biyu, ban da kuɗin ɗakin kwana, ban da kuɗin mota da na abinci. Muka ce to, a nemi lamunin ɗalibai. Muka zauna gaban kwamfuta, muka cike abin da aka ce a cike, sai na'ura ta ƙi mu. A lambarta ta shaidar ɗan ƙasa sunana ne a matsayin sunan mahaifi, a banki kuwa sunan kakanta ne, shekarar haihuwa ma ta saɓa da shekara guda. Sai da muka yi mako bakwai muna safa da marwa tsakanin ofis da ofis kafin a daidaita. Kafin nan wa'adin rajista ya ƙarato, mahaifiyarta ta sayar da tumakinta biyu, ni kuma na ciwo bashi a ƙungiyarmu ta gama-kai. Da ƙura ta lafa, na bi diddigin kuskuren don in san wanda zan ɗora wa laifi. Sai na same shi a rajistar makarantar firamare, da rubutun hannuna. Ni na sa ta a makaranta, ni na rubuta mata sunan kakanta, saboda da shi aka san gidanmu. Da wannan suna ta yi jarrabawar firamare, da shi aka buɗe mata asusu.

Abin da na koya daga wannan shi ne jigon maganata a yau. Tallafin da ke akwai bai isa kowa ba, wannan gaskiya ne. Amma ɗan abin da ke akwai yakan kuɓuce wa 'ya'yanmu ne ta ƙofa uku: kuskuren takarda, jinkiri, da kunyar tambaya. Duk ukun kuwa a hannunmu maganinsu yake.

Kowa a nan ya san yadda al'amura suka sauya tun daga 2023. An cire tallafin man fetur, farashin komai ya tashi, jami'o'in gwamnati da dama suka ƙara kuɗin rajista. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, kuma malamin firamare ya san sauran labarin. A zamanin da nake kwalejin ilimi, mahaifina yakan sayar da buhun gero biyu ko uku in tafi makaranta hankali kwance. Yau mai 'ya'ya biyu a manyan makarantu ba zai dogara da albashi kaɗai ba, dole ya san inda ake nema da yadda ake nema.

Da farko mu rarrabe kuɗin, domin mukan haɗa su duka mu kira su sikolashif, alhali iri uku ne. Akwai kyautar da ake bai wa ɗalibi saboda ƙwazonsa, wadda ake gasa a kanta, kuma ba a biya. Akwai alawus ɗin da jiha take bai wa ɗalibai 'yan asalinta, shi ma ba a biya, sai dai yawanci bai taka kara ya karya ba, kuma zuwansa ba shi da tabbataccen lokaci. Sannan akwai lamuni, wanda bashi ne, ana biyansa. Uban da bai rarrabe waɗannan ba zai iya zama yana jiran kyauta har wa'adin rajista ya wuce, ko ya bar ɗansa ya ci bashi yana zaton rabon gwamnati ne.

Bari in ɗauki lamunin, tunda shi ne ƙofar da ta fi faɗi a yanzu. An fara sa wa dokarsa hannu a watan Yunin 2023. Waccan doka ta zo da sharuɗɗa masu tsauri: sai kuɗin shigar iyali bai kai naira 500,000 a shekara ba, sai kuma ɗalibi ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa. A watan Afrilun 2024 aka soke ta aka kafa sabuwa wadda ta cire waɗannan sharuɗɗa, a watan Mayu na shekarar kuma asusun lamunin, wanda aka fi sani da NELFUND, ya buɗe shafinsa na karɓar buƙatu. Na faɗi wannan tarihi ne saboda har yanzu ina haɗuwa da malaman da suka ji labarin tsohuwar doka suka yanke ƙauna, suna cewa albashinsu ya hana 'ya'yansu. Wancan sharaɗi ya kau.

Lamunin na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne, na tarayya da na jihohi: jami'o'i, kwalejojin kimiyya da fasaha, da kwalejojin ilimi. Kashi biyu ne. Kuɗin makaranta ana tura shi kai tsaye zuwa asusun makarantar, ba ya bi ta hannun ɗalibi. Kuɗin ɗawainiya kuwa, naira 20,000 a wata, yana shiga asusun ɗalibin, kuma yana da zaɓi ya nema ko ya bari. Babu kuɗin ruwa a kai, wannan kuma amsa ce ga masu tambayata game da riba. Ana fara biya ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, inda ake cire kashi 10 cikin 100 na albashi, mai sana'ar kansa kuma ya biya kashi 10 na ribarsa. Wanda bai sami aiki ba yana iya neman a ɗaga masa ƙafa ta hanyar rantsuwa, wanda ya rasu kuma an yafe masa. Abin da ake buƙata wajen nema shi ne lambar JAMB, lambar shaidar ɗan ƙasa wato NIN, lambar banki ta BVN, takardar samun gurbi da lambar ɗalibi. Dole kuma makaranta ta riga ta tura bayanan ɗalibin ga asusun. Idan yaro ya shiga aka ce ba a ga sunansa ba, ofishin kula da harkokin ɗalibai na makarantarsa zai nufa. Nema kyauta ne, kuma kowace shekarar karatu ake sabuntawa.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Duk da haka ya kamata mu zauna da 'ya'yanmu mu yi lissafi kafin su danna. Ga misali, mu ƙaddara kuɗin makaranta naira 150,000 ne a shekara, karatun kuma na shekara huɗu ne. Bashin ya zama 600,000. Idan yaron ya sami aikin naira 100,000 a wata, ana cire 10,000, zai gama biya cikin shekara biyar. Idan ya haɗa da kuɗin ɗawainiya, mu ce na wata 10 a kowace shekara, bashin ya koma 1,400,000, biyansa kuma zai ɗauki shekara 11 da wata takwas a wannan albashi. Wanda gidansu zai iya aika masa da ɗan garin masara da mai da kuɗin mota, ya yi tunani kafin ya ɗauki kashi na biyu. Wanda babu, ya ɗauka ba tare da jin nauyi ba, domin an yi shi ne dominsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mu riƙa gaya wa yara cewa kuɗin gwamnati ne, ba za a bi su ba. Mu malamai ne, ba ma koyar da cin amana. Abin da suka mayar shi ne zai ɗauki nauyin ƙannensu.

A lura kuma, kuɗin lamuni yakan iya makara, wa'adin rajista kuwa ba ya jira. Duk wanda ya yi dabara ya biya kafin kuɗin su iso, ya adana rasidinsa kamar yadda yake adana takardar fili, domin asusun ya umarci makarantu su mayar wa irin waɗannan ɗalibai kuɗinsu.

Sai kyautar ƙwazo. A ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya akwai hukumar bayar da tallafin karatu, wadda kan buɗe ƙofa ga ɗaliban jami'o'i da kwalejojin gwamnati da suka kai shekara ta biyu zuwa sama. A sanarwarta takan nemi ɗalibin jami'a ya kasance da matsakaicin maki 4.0 cikin 5, sannan a zauna jarrabawa a kwamfuta. Gidauniyar MTN tana da tallafi ga ɗaliban kimiyya da fasaha da ke shekara ta uku masu maki 3.5 zuwa sama, tana kuma da wani na musamman ga ɗalibai makafi. Kamfanonin mai da gas irin su NLNG da Shell da Chevron sukan yi nasu, yawanci ga 'yan shekarar farko ko ta biyu, su ma da jarrabawa. Asusun PTDF ya fi karkata ga masu digiri na biyu da na uku a fannonin injiniya da kimiyyar ƙasa. Sharuɗɗan nan sukan ɗan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka a karanta sanarwar kowace shekara tun daga farko har ƙarshe.

'Ya'yana da kuke zaune a baya, ku saurare ni a nan. Kun ji an ce shekara ta biyu, an ce shekara ta uku. Ma'anarsa sakamakonku na shekarar farko shi ne takardar neman kuɗinku. Wanda ya shiga jami'a ya ɓata zangon farko yana kallon gari, ya rufe wa kansa ƙofofin da ba za su sake buɗuwa ba. Ku kuma saba da amsa tambayoyi a kwamfuta cikin ƙayyadadden lokaci, domin jarrabawar irin wannan tallafi lissafi ne da Turanci da saurin fahimta. Kada wani ya ce muku sai mai uwa a gindin murhu ake ba. Da yawa daga yaranmu ba faɗuwa suke yi ba, ba sa nema ne kwata-kwata.

Game da alawus ɗin jiha, kusan kowace jiha a Arewa tana da hukumar tallafin karatu, kuma abin da take fara tambaya shi ne takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. A yi rajista da hukumar tun shekarar farko, ko da ba a biya a lokacin ba, domin ranar da aka tashi biya, sunayen da ke cikin kundi ake bi. Ƙungiyar ɗaliban jiha da ke cikin makaranta ita ce takan fara jin labarin ranar tantancewa, don haka yaro ya san shugabanninta.

Yanzu in dawo kan takardu, inda na faro. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma sunan da ke jikin NIN shi ne yake bin yaro zuwa jami'a. Na'ura ba ta san Muhammad da Mohammed mutum ɗaya ba ne. Ba ta san a gidanku wani yana amfani da sunan uba, wani da sunan kaka, wani da sunan gari ba. Ita harafi take dubawa. Saboda haka ina roƙon kowane uba da kowace uwa, idan kun koma gida yau, ku shimfiɗa takardun yaranku a kan tabarma: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, shaidar gama firamare, katin NIN, takardar ƙaramar hukuma, da bayanin banki idan akwai. Ku duba suna uku, yadda aka rubuta su da yadda aka jera su, ku duba rana da wata da shekarar haihuwa. Idan da saɓani, a gyara tun yaro yana aji ɗaya ko biyu na babbar sakandare, kafin a yi masa rajistar WAEC ko NECO. Gyara yana cin kuɗi da lokaci, amma gyaran da aka yi cikin natsuwa bai kai rabin wahalar wanda aka yi wa'adi na bin mutum ba.

Yaro ya mallaki layin waya ɗaya nasa na kansa, da adireshin imel ɗaya, ya riƙe su har ya gama karatu. Layin da aka yi rajistar JAMB da shi kada ya ɓata, kada a ba wani. Idan an je shagon kwamfuta, kada a bari mai shago ya sa imel ɗinsa ko lambarsa, kuma kalmar sirri a rubuta ta a littafi a ajiye a gida. Idan gurbi ya fito, a tabbata an karɓe shi ta tsarin CAPS na JAMB, domin gurbin da bai bi ta nan ba yakan jawo matsala wajen lamuni da wajen hidimar ƙasa.

A nan ne nake son in yi magana da abokan aikina kai tsaye. Sunan da yaro zai ɗauka tsawon rayuwarsa, mu ne muke fara rubuta shi. Ranar ɗaukar 'yan aji ɗaya, ga hayaniya, ga rana, yaya ya kawo ƙanensa, mu tambaye shi suna ya faɗi abin da ya zo bakinsa, mu dubi tsawon yaron mu ƙiyasta shekarunsa, mu rubuta 1 ga Janairu mu wuce. Bayan shekara 12 wannan rubutu na minti guda shi zai tsaya tsakanin yaro da karatunsa. Mu riƙa neman takardar haihuwa. Idan babu, mu tura iyaye su karɓo. Mu tambayi uba da bakinsa sunan da yake so ɗansa ya ɗauka, mu rubuta, mu karanta masa. Wannan taimako ne da ba ya cin ko kwabo, kuma babu mai iya yinsa sai mu.

Dole in ja kunne game da 'yan damfara. Duk lokacin da aka fara ɗaukar ɗalibai, saƙonni sukan cika WhatsApp da Facebook: ga tallafin wane, ga na wata ƙasa, turo naira 5,000 ta fom, tura wa mutum goma kafin a buɗe maka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda zai ba ka kuɗi ba zai fara da karɓar naka ba. Shafukan hukumomin gwamnati yawanci suna ƙarewa da gov.ng, kamfanoni kuma a shafinsu na ainihi suke sanarwa. Kada a ba kowa lambar sirrin katin banki, ko lambar da banki ya turo ta waya, ko da ya ce daga Abuja yake kira. Haka nan mai cewa yana da hanya a ciki, a ba shi wani abu ya sa sunan yaro, a guje shi. Sannan mu ma kada mu yi ƙarya a fom, kada mu mayar da yaro maraya alhali muna raye. Dokar lamuni ta tanadi hukunci ga mai bayar da bayanin ƙarya, kuma ko babu doka, darasin da yaron zai ɗauka daga gare mu ya fi kuɗin tsada.

Akwai kuma taimakon da ke kusa da gida, wanda ba ya buƙatar intanet. Ƙungiyoyin ci gaban gari, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, kwamitocin masallatai da coci-coci, hukumomin zakka da waƙafi a jihohin da suke da su, 'yan majalisa da masu hali da kan ɗauki nauyin rajistar ɗalibai, duk ƙofofi ne. Abin da yake hana mu ƙwanƙwasa su shi ne kunya. Malam ne, ana gaishe shi a hanya, yaya za a ji yana neman taimako? 'Yan'uwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A rubuta wasiƙa gajera mai mutunci, a faɗi sunan makaranta da fannin karatu da adadin da ake buƙata da wanda aka riga aka tara, a haɗa da kwafin takardar gurbi da takardar biyan kuɗi. Mai bayarwa ya fi sakin jiki idan ya ga adadi a rubuce, ya kuma ga iyaye sun yi nasu ƙoƙarin. Idan an taimaka, a koma da rasidi da sakamakon jarrabawa a yi godiya, domin wannan ne yake buɗe ƙofar ga na baya. Adashi da ajiyar ƙungiyar gama-kai kuma a tsara su yadda kwasa za ta faɗo daidai lokacin rajista.

Wata magana da ba zan bari ba ita ce ta 'ya'ya mata. Idan kuɗi suka gaza a gida, mun san wanda ake cewa ya dakata. Ana cewa ta jira baɗi, baɗi ta zama baɗin baɗaɗa, har maganar ta mutu. Lamunin nan da tallafin nan babu wanda ya ware mace. Kafin a ce wa yarinya ta haƙura, a tabbata an cike mata kowane fom da aka cike wa ɗan'uwanta. Makarantunmu da asibitocinmu suna kukan rashin malamai mata da ma'aikatan jinya mata, kuma daga gidajenmu za su fito.

Daga ƙarshe, Shugaba, ina da roƙo ga reshe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A cikinmu akwai matasan malamai da suka iya kwamfuta, akwai iyayen da suka riga suka bi wannan hanya. Ina ba da shawarar a kafa ƙaramin kwamiti na mutum huɗu ko biyar, da mace aƙalla ɗaya a ciki, wanda zai riƙa tattara sanarwar tallafi, ya tantance ta gaskiya, ya sanar da membobi da ranar rufewa. A ware Asabar ɗaya a kowane zango, iyaye su zo da takardun yaransu a duba musu, a taya su cike fom kyauta. A fara da marayun abokan aikinmu da suka riga mu gidan gaskiya, da 'ya'yan waɗanda suka yi ritaya suna jiran haƙƙinsu. Ni na sa sunana a farko, kuma zan zo da kwamfutar da 'yata ta bar mini.

Ita 'yar tawa tana shekara ta uku yanzu, mun gama biyan bashin ƙungiya, mahaifiyarta kuma ta mayar da tunkiya ɗaya. Ƙanenta yana aji biyu na babbar sakandare, takardunsa duka suna cikin jaka guda, suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya.

 Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya hore mana abin ɗaukar nauyinsu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.